Jiƙo ko Dafawa? Sinadaran Tsirrai da Darasin Wani Ganye na Ƙasar Sin

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa fita tattara bayanai a darasin al'ada ya san yadda hira da mai maganin gargajiya kan kasance. Za ka durƙusa gaban tabarmarsa a kasuwa ko a unguwar Sabo, ka gaishe shi, sannan ka ce, "Baba, wannan ganyen na mene ne?" Zai ce maka na shawara ne, ko na zazzaɓi. Idan ya saki jiki da kai sai ya ƙara da cewa, "Amma fa yaro, ba a dafa shi. Jiƙawa ake yi ya kwana." Abin da ɗalibi kan rubuta a littafinsa shi ne sunan ganyen da sunan cutar. Zancen jiƙawa da kwana kuwa sai ya baro shi a kasuwa, don a ganinsa surutun tsofaffi ne.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa abin da aka baro a kasuwar nan rabin ilimin ne. Aikin da tsiro ke yi a jiki ya dogara ga sinadarin da ke cikinsa, da hanyar da aka bi aka fitar da sinadarin, da kuma yawan abin da ya shiga jiki. Za mu fara da bayanin waɗannan sinadarai, sannan mu kawo labarin ganyen da aka samo maganin zazzaɓin cizon sauro na zamani daga gare shi, domin a wannan labari karatun wani tsohon littafi da lura da kalmomin aikatau da ke cikinsa ne suka buɗe hanya.

Me Ake Nufi da Tataccen Tsiro?

Idan aka ce tataccen tsiro, ana nufin abin da aka raba daga jikin ganye ko saiwa ko sassaƙe ko 'ya'ya ta hanyar narkar da shi a cikin wani ruwa, aka tace, aka zubar da tuƙar. Hausa tana da kalmomi masu yawa a wannan fage. Akwai jiƙo, wato a zuba ruwan sanyi a bari ya ɗauki lokaci. Akwai tsimi, wanda kan daɗe fiye da jiƙo, kuma galibi haɗi ne na itatuwa da dama. Akwai dafawa, akwai kirɓawa a matse ruwan ɗanyen ganye, akwai surace da turare inda tururi ko hayaƙi ke ɗauko abin da ake so. Akwai kuma soyawa ko cuɗawa da man shanu ko man kaɗanya. Ga masanin kimiyyar haɗa sinadarai, kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi hanya ce dabam, kuma abin da za ta fitar daga tsiron dabam ne.

Ganye guda yana ɗauke da ɗaruruwan sinadarai. Wasu na rayuwar yau da kullum ne, kamar sukari da sitaci da furotin. Wasu kuwa makamai ne. Tsiro ba ya gudu idan fara ko akuya ta zo masa, saboda haka sai ya kare kansa da ɗaci, ko bauri, ko wari, ko guba. Waɗannan makamai su ne ɗan Adam ya mayar magani.

Manyan Rukunonin Sinadaran

Rukuni na farko shi ne alkaloyid. Sinadarai ne masu ɗauke da naitirojin, yawancinsu masu ɗaci, kuma suna taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ko da kaɗan ne. Kafin da ke cikin goro mai hana barci yana cikinsu, haka nikotin na taba. Kwinin ma alkaloyid ne. Wasu masana biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, suka ware shi daga ɓawon itacen sinkona na Kudancin Amurka a 1820. Sinadaran da ke sa wanda ya sha zaƙami ya fita hayyacinsa, wani lokaci har ya rasa ransa, su ma daga wannan gida suke.

Na biyu shi ne tanin, mai kawo bauri a baki. Aikinsa shi ne kama furotin ya ɗaure shi. Wannan ne dalilin da ya sa majema ke jiƙa fata a ruwan bagaruwa: tanin ya ɗaure furotin ɗin fatar, sai ta daina ruɓewa.

Na uku shi ne safonin, mai kumfa kamar sabulu. Ana samunsa da yawa a aduwa, shi ya sa ake wanki da sassaƙenta. Bincike ya nuna yana kashe kifi da kuma dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya.

Na huɗu shi ne filabonoyid, kuma launukan furanni da yawa daga nan suke. Jan da ke cikin zoɓo misali ne. Mai karatu zai iya gwadawa a ɗakinsa: ya raba zoɓo kofi biyu, ya matsa lemon tsami a ɗaya, ya jefa kanwa a ɗaya. Na farko zai ƙara ja, na biyu zai rikiɗe ya yi duhu. Sinadari ɗaya ne, yanayin ruwan ne ya sauya shi.

Na biyar shi ne tarfinoyid. Ƙamshin ɓawon lemo da sanyin na'ana'a daga nan suke, haka azadiraktin na 'ya'yan dogon yaro, wanda aka ware a Ingila a 1968, mai hana ƙwari cin amfanin gona. Sinadarin da labarinmu zai tsaya a kansa shi ma ɗan wannan rukuni ne.

Dalilin da Ya Sa Hanyar Tacewa Ke da Muhimmanci

Ƙa'ida ta farko ita ce, kowane sinadari yana da irin ruwan da yake narkewa a ciki. Gishiri yana narkewa a ruwa, ba ya narkewa a man gyaɗa. Mai kuwa ba ya haɗuwa da ruwa, amma kananzir na wanke shi. Haka sinadaran tsirrai suke. Tanin da launin zoɓo suna bin ruwa. Yawancin tarfinoyid kuwa 'yan gidan mai ne. Saboda haka a ɗakin gwaje-gwaje akan jiƙa garin ganye ɗaya a ruwaye iri-iri, kamar ruwa da etanol da ita da hekzen, kowanne ya ɗebo nasa rabo.

Ƙa'ida ta biyu ita ce zafi da lokaci suna sauya sinadari. Ganyen baba kore ne, babu shuɗi a cikinsa. Sai an jiƙa shi ya tsima, sinadarin da ke ciki ya rabu da sukarin da ke maƙale da shi, sannan iska ta buge shi, kana shuɗin da marina ke rini da shi ya bayyana. A ɗaya ɓangaren kuma, rogo mai ɗaci yana ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanaid. Gurzawa da matsewa da barinsa ya kwana biyu ko uku da kuma toyawa, wato matakan yin garin rogo da muke gani kullum a nan kudu, su ne ke fitar da gubar. Wanda ya tsallake mataki don gaggawa yana iya jefa iyalinsa cikin haɗari.

Bayan an samu tataccen, aiki bai ƙare ba. Akan zuba shi ta saman dogon bututun gilashi da aka cika da garin silika. Sinadaran da ke ciki sai su riƙa gangarowa, wani da sauri wani a hankali, ana tarar kowanne a kwalbarsa. Sai a gwada kowace kwalba a kan ƙwayar cuta, a ga wadda ta yi aiki, a sake rarraba ta, har a kai ga sinadari guda. Daga nan sai gwaji a jikin dabbobi, sannan a jikin mutane. Tatattun tsirrai da yawa suna kashe ƙwayar cuta a faifan gwaji, amma idan an sha sai hanji ya kasa tsotse su, ko hanta ta lalata su, ko su cutar da ƙoda. Don haka idan aka ji an ce bincike ya nuna ganye kaza yana kashe ƙwayar cuta kaza, tambayar da ta kamata ita ce: a faifai, ko a ɓera, ko a mutum?

Labarin Qinghao

A shekarun 1960 zazzaɓin cizon sauro ya addabi sojojin da ke yaƙi a Biyetnam, domin ƙwayar cutar ta daina jin kulorokwin. Biyetnam ta Arewa ta nemi taimakon ƙasar Sin. A ranar 23 ga Mayu, 1967, gwamnatin Sin ta kafa wani shirin sirri na neman sabon magani, aka sa masa suna Shiri na 523, daga wata da ranar kafa shi. A 1969 aka ɗora wa wata mai binciken magunguna, Tu Youyou, ta cibiyar nazarin magungunan gargajiya da ke Bejin, shugabancin wani rukuni a cikin shirin.

Abin da ta fara da shi karatu ne da hira. Ita da abokan aikinta sun bi tsofaffin littattafan likitancin Sin, sun tambayi masu magani, suka tara haɗe-haɗe fiye da 2,000, suka zaɓi 640. Daga nan suka gwada tatattu fiye da 380 na tsirrai wajen 200 a jikin ɓerayen da aka sa wa cutar. A cikin tsirran akwai wanda Sinawa ke kira qinghao, ana furta shi kamar "cinghau", masana tsirrai kuma suna kiransa Artemisia annua. Sakamakonsa ya rikita su: yau ya yi aiki, gobe ya ƙi.

Sai Tu ta koma ga littattafai. A cikin wani ɗan littafin magungunan gaggawa da wani malami mai suna Ge Hong ya rubuta a ƙarni na 4, wato wajen shekara 1,700 da suka wuce, ta tarar da umarnin yadda ake amfani da ganyen don zazzaɓi mai zuwa yana dawowa. Abin da ya ja hankalinta shi ne kalmomin aikatau. Marubucin ya yi zancen jiƙa ganyen a ruwa da matse shi a sha ruwan. Bai ambaci wuta ba, alhali dafawa ita ce hanyar da aka saba da ita a likitancin Sin. Sai ta yi tunanin cewa wataƙila zafi ne ke ɓata musu aiki. Ta sauya zuwa ita, wani ruwa da ke tafasa a digiri 35 kacal, inda ruwan sha sai ya kai digiri 100. Ta kuma raba tataccen gida biyu, ta yar da ɓangaren mai tsami wanda ke da guba kuma ba ya aiki.

A ranar 4 ga Oktoba, 1971, samfuri mai lamba 191 ya kawar da ƙwayar cutar gaba ɗaya daga jinin ɓeraye, daga baya kuma ya yi haka a birai. A 1972 Tu da abokan aikinta biyu suka sha shi da kansu don tabbatar da cewa ba ya cutarwa, sannan aka gwada shi a kan majinyata 21 a tsibirin Hainan. A watan Nuwamba na shekarar suka samu sinadarin tsantsa, fari kamar gishiri. Shi ne ake kira atimisinin. A 2015 aka ba Tu Youyou rabin kyautar Nobel ta fannin likitanci saboda wannan aiki.

Masana da suka sake duba lamarin daga baya sun nuna cewa akwai ƙarin dalilai bayan zafi. Atimisinin ba ya son ruwa, amma yana narkewa sosai a ita. Yana taruwa ne a wasu 'yan mitsi-mitsin ƙuraje da ke bayan ganye da fure, tare da man ƙamshin tsiron, kuma matse ɗanyen ganye yana fasa ƙurajen ya fito da shi tare da man. Kara da saiwa kusan babu komai a cikinsu, kuma ganyen ya fi ƙarfi dab da fitar fure. Ashe kowace kalma a tsohon umarnin tana ɗauke da wani bayani na kimiyya.

Yadda Sinadarin Ke Aiki a Jiki

Ƙwayar atimisinin ta ƙunshi zarrar kabon 15, haidurojin 22, da oksijin 5. Biyu daga cikin oksijin ɗin suna riƙe da juna kamar gada a tsakiyar ƙwayar. Irin wannan gada ba ta da yawa a sinadaran tsirrai, kuma ita ce sirrin maganin. Idan aka cire oksijin ɗaya daga gadar, abin da ya rage ba ya kashe ƙwayar cutar.

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ne tana cin himogulobin, wato jan sinadarin da ke ɗaukar iska zuwa sassan jiki. Garin cin nan sai ta saki ɓangaren da ke ɗauke da sinadarin ƙarfe. Da atimisinin ya gamu da wannan ƙarfe sai gadar ta karye, gutsattsarin da suka fito su afka wa furotin ɗin ƙwayar cutar su lalata su. Wato abincin ƙwayar cutar ne ke ɗana mata tarkon. Wannan ya sa maganin ke da sauri ƙwarai, kuma ɓarnarsa ga lafiyayyun ƙwayoyin jini kaɗan ce.

Sai dai yana da rauni guda: ba ya daɗewa a jiki. Cikin 'yan sa'o'i hanta ta sarrafa shi ya fita. Idan an sha shi kaɗai na kwana biyu ko uku, ƙwayoyin da suka tsira sai su sake yaɗuwa. Shi ya sa ake haɗa 'ya'yansa, irin su atimita da atisunet, da wani magani mai daɗewa a jini. Wanda aka fi sani a Nijeriya shi ne haɗin atimita da lumefantirin, wanda ake sha sau shida cikin kwana uku. Na farko ya yi kaca-kaca da rundunar, na biyu ya tsaya kwanaki yana share ragowar. Nijeriya ta mayar da irin wannan haɗi maganin farko a asibitocinta a 2005, bayan kulorokwin ya gaza.

To, Me Zai Hana a Sha Ganyen Kawai?

Wannan tambaya ce da ta dace, tun da ganyen yana tsirowa a Afirka kuma ya fi ƙwayar magani araha. Amsar tana cikin abin da ya gabata. Yawan atimisinin a busasshen ganye yana kamawa daga ƙasa da kashi 0.1 cikin 100 zuwa sama da kashi 1, gwargwadon iri da ƙasa da lokacin girbi da yadda aka adana shi. Ruwan zafi kuma wani ɓangare kawai yake fitarwa. Mai shan shayin ganyen bai san ko nawa ya sha ba. Wani gwaji da aka yi a Kwango, aka wallafa a 2004, ya nuna cewa shayin yana saukar da zazzaɓi da sauri, amma cutar kan dawo wa da yawa daga cikin majinyatan.

Haɗarin bai tsaya ga mai shan ba. Duk lokacin da ƙwayar cuta ta gamu da maganin da bai kai ya kashe ta ba, masu taurin kai daga cikinta ne ke tsira su hayayyafa. An fara ba da rahoton ƙwayoyin da ke jinkirin mutuwa da atimisinin a yammacin Kambodiya a 2008 da 2009. A 2014 aka gano sauyin ƙwayar halittar da ke jawo hakan. A 2020 aka ba da rahoton irin wannan sauyi a Ruwanda, a 2021 kuma a Yuganda. Saboda haka ne a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matsayinta cewa ba ta goyon bayan shan ganyen Artemisia, ko shayi ko gari, don magani ko rigakafin zazzaɓin cizon sauro.

Babu ƙasar da wannan ya shafa kamar tamu. Ƙiyasin hukumar ya nuna cewa a 2023 mutane wajen 597,000 suka mutu da wannan cuta a duniya, kuma kusan kashi 31 cikin 100 na mamatan 'yan Nijeriya ne, yawancinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Mun riga mun ga yadda kulorokwin ya mutu a hannunmu. Wanda ya sha ƙwaya biyu ya ji sauƙi ya ajiye sauran don gaba, da wanda ya musanya maganin asibiti da shayin ganye, duk suna taimaka wa ƙwayar cutar ta koyi darasi.

Matsalar Suna

Akwai wani ɓangare na labarin da ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye. A ƙasar Sin an daɗe ana ruɗani kan wane tsiro ne ainihin qinghao, domin littattafan tsirrai sun liƙa sunan ga wani ɗan'uwansa, Artemisia apiacea, wanda ba shi da sinadarin a yawan da zai yi amfani. Suna ɗaya, tsiro biyu, ɗaya yana warkarwa ɗaya ba ya yi.

Irin wannan yana nan a Hausa. Sunan tazargade ya bayyana a rubuce-rubucen masana a kan jinsin Artemisia fiye da ɗaya, saboda haka jin cewa an samo maganin zazzaɓi daga Artemisia bai nuna cewa ƙullin da ke kasuwa yana ɗauke da shi ba. A wani gefen kuma tsiro ɗaya ne ke da sunaye da yawa: itacen da wani ke kira darbejiya, wani dogon yaro yake ce masa, wani maina, wani bedi, har Yarabawa suka ari ɗaya daga ciki suna cewa dongoyaro. Tun a 1916 wani likita ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa tare da sunayensu na kimiyya, kuma har yau masu bincike suna komawa gare shi. Amma karin harshe yana da yawa, sunaye suna ƙaura, tsofaffin da suka san bambancin kuma suna ƙarewa.

Ilimin irin waɗannan tsofaffi ya taɓa kai wa ga magani a nan gida. A shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta samar da Niprisan, na rage tashin ciwon sikila, daga haɗin wani mai maganin gargajiya na ƙasar Yarabawa. Cikin kayan haɗin akwai masoro da kanumfari da karan dafi, abubuwan da kowace Bahaushiya ta sani.

Kammalawa

Mun ga cewa tsiro rumbu ne na sinadarai, hanyar tacewa ce ke zaɓar wanda zai fito, awo kuma shi ke raba magani da guba. Mun ga yadda lura da bambancin jiƙawa da dafawa a wani tsohon rubutu ya kai ga maganin da ya ceci miliyoyin rayuka, da kuma yadda shan sa ba bisa ƙa'ida ba ke barazanar kashe shi.

Shawara ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, idan aka sake fita tattara bayanai, a rubuta sunan tsiron yadda mai maganin ya furta shi, da garin da ya fito, da sauran sunayen da ya sani. A tambayi sashen da ake amfani da shi, ganye ne ko saiwa ko sassaƙe, ɗanye ko busasshe, da lokacin da ake ɗebo shi. A rubuta kalmar aikatau ɗin da ya yi amfani da ita ba tare da an musanya ta da wata ba: jiƙa, dafa, kirɓa, tsima, turara. A tambayi abin da ake haɗawa da shi, ko kanwa ko tsamiya ko nono ko mai, da yawan abin da ake sha, da wanda aka hana wa sha. Idan ya yarda, a karɓi reshe mai ganye da fure, a matse shi a tsakanin takardu, a kai wa sashen nazarin tsirrai na jami'a ko ɗakin adana samfurin tsirrai na cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan, domin a tabbatar da jinsinsa. A kuma rubuta sunan mai ilimin da izininsa, don haƙƙinsa ne.

Wanda zazzaɓi ya kama kuwa, ya je a gwada jininsa, ya sha maganin da aka rubuta masa har ƙwayar ƙarshe.